Tsofaffin ɗalibai, ina kuke a harkar dokar fim da waƙa?

Ƴar aji huɗu:
Assalamu alaikum. Ina karatun lauya a BUK. Ƙanena ya rera waƙa a wani sutudiyo a titin Gidan Zoo, aka ba shi dubu ashirin, ko takarda ba a rubuta ba. Yanzu waƙar tana YouTube, babu sunansa. Ya tambaye ni mafita, wallahi na yi zuru. Yayyenmu da suka gama, ba za ku riƙa dawowa kuna koya mana wannan fannin ba?

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce, don haka ƙanenki bai rasa komai ba tukuna. Sai dai a duba wa ya rubuta baitukan, wa ya yi kiɗan. Ku shirya zama ranar Asabar, zan zo da kwantiragin fim na gaske, in goge sunaye mu karanta tare.

Mai tace hoto:
Barista, ku gayyato har da mu. Rabinmu ba mu bambance aikin Hukumar Tace Fina-finai da na hukumar haƙƙin mallaka ba.

Ƴar aji huɗu:
Na gode Yaya. Bari in nemo mana aji.