Don Allah a taimaka: mene ne Hausar "failot" a shirin talabijin na yara?

Maman Hibba: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Buƙata ce ta gaggawa ta kawo ni. Mu biyar muka haɗu muna rubuta shirin talabijin na 'yan tsana domin yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kowane kashi minti 11. Wani gidan talabijin a nan Kano ya ce mu kai takardar bayanin shirin ranar Alhamis, da Hausa, haɗe da rubutaccen abin da suke kira "failot". Ranar Asabar kuma zan zauna da matasa 12 masu son koyon irin wannan rubutun. Kalmar nan ta tsaya mini a maƙogwaro. Na sa ta a na'urar fassara, ta ba ni "matuƙin jirgi". Abin da ake nufi shi ne kashi guda cikakke da ake rubutawa, wani lokaci har a ɗauka, kafin a amince da shirin gaba ɗaya, don masu sa kuɗi su ga ko zai karɓu. Ba na son in rubuta failot a takardar da na ce shirinmu zai koya wa yara Hausa mai kyau.

Sadiƙu Edita: Wa alaikumus salam Anti. Ki rubuta "kashi na farko" ki huta. Kowa ya saba da zango na kaza, kashi na kaza, tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shiryenta a 2014.

Maman Hibba: Sadiƙu, ba ɗaya ba ne. Kashi na farko shi mai kallo zai fara gani. Wannan kuwa wataƙila mutum goma ne kawai za su gan shi a ofis, a ce bai yi ba, a ajiye shi har abada.

Malama Zazzau: Gaskiyarki. Misalin da nake bai wa ɗalibaina shi ne na Sesame Street, wani shirin talabijin na yara mai 'yan tsana a Amurka. Kafin su fara nuna shi a watan Nuwamba na 1969, sai da suka shirya guda biyar na gwaji a watan Yuli, suka nuna wa yara a gidaje a Filadelfiya. Masana sun ba su shawarar kada a haɗa mutane da 'yan tsana a fitowa ɗaya, wai zai rikita yara. Da aka gwada sai aka ga duk lokacin da 'yan tsana suka bar allo aka bar manya suna surutu, yara sun kau da kai. Dole aka sake tsari, aka sa 'yan tsanar suna yawo a unguwar tare da mutane. Wanda aka nuna wa duniya a Nuwamba ba waɗancan biyar ɗin ba ne. Saboda haka kowace kalma za mu ɗauka, lallai gwaji ya fito a cikinta. Ni dai "kashin gwaji" nake gani.

Nas Rabi: Malama, ki yi haƙuri, kada a rubuta wannan. Mu a asibiti in aka ce kashin gwaji, ɗan kwalbar da ake ba mara lafiya ya kai ɗakin awo muke ji. A baki sautin ya bambanta, amma a takarda babu alamar karin sauti, harufan iri ɗaya ne. Kuma yara za a yi wa shirin.

Malama Zazzau: Wallahi ban lura ba. Na janye.

Ɗan Fagge: Somin-taɓi fa? Ko ɗanɗano?

Sadiƙu Edita: Somin-taɓi mu tallar fim muke kira da shi, ɗan guntun nan na minti ɗaya ko biyu da ake saki kafin fim ya fito. Ɗanɗano ma haka, ɗan yankin da mai tsire zai miƙo maka ne a bakin wuƙa. Ita Anti cikakken tsinke ake so ta kai. Ni da samfur aka ce sai in yarda, don abin da yake yi ke nan.

Ɗan Fagge: To zakaran gwajin dafi.

Nas Rabi: Zakaran da ake gwada dafin kibiya a jikinsa? Shi ai mutuwa yake yi in dafin ya yi kyau. Kuma yanzu yabo ake yi da shi.

Baba Malam Tsoho: Yara, kun bar jaki kuna dukan taiki. Samfur Turanci ne da aka sa wa hula. Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa a firamare, ban taɓa rasa kalma ba sai in ban nema ba. Ku tuna yadda iyayenmu mata suke fara ba mu labari da daddare. Tsohuwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba za ta ci gaba ba sai yara sun amsa "Ta zo mu ji ta." In ba a amsa ba, ta san barci ya kwashe su, ta naɗe tabarmarta. To mene ne wannan failot ɗin in ba "ga ta nan" ba? Marubuci ya miƙa, yana jiran a ce ta zo mu ji ta. Sunansa gatanan. A ce "mun kai gatanan ɗin shirinmu", "gatanan ɗinsu bai karɓu ba". Ga tushe, ga daɗin faɗi, ga shi na yara ne tun asali.

Maman Hibba: Allah gafarta Malam, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Tsorona kawai shi ne wanda zai karanta takardar a ofis bai taɓa jin ta da wannan ma'anar ba, ni kuma ba zan kasance a wurin in yi bayani ba.

Baba Malam Tsoho: 'Yata, kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Jirgin sama da wayar tarho ba da su aka haifi kakanninmu ba, wani ne ya fara faɗa.

Issufu Maraɗi: Baba, ina neman gafara. Nan wajenmu gatana ita ce tatsuniyar da kanta. In ka ce wa mutumin Maraɗi ka kawo gatanan shirinka, zai ɗauka labarin Gizo da Ƙoƙi ka zo da shi. Mutanen Sakkwato ma haka suke cewa. Kalmar tana da mai ita.

Baba Malam Tsoho: Wannan karin harshe ne. A Daidaitacciyar Hausa tatsuniya ake cewa, saboda haka gatanan ba ta da aiki, mu ba ta.

Issufu Maraɗi: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. In kalma ta fito daga Kano sai a ce Hausa, in ta fito daga Gobir ko Damagaram sai a ce karin harshe. Yaranmu ma suna kallon tashoshinku ta tauraron ɗan Adam, har sun fara magana irin taku. Yanzu kuma za a ɗauke mana kalmar da kakata take faɗa mini a tsakar gida a sa mata wata ma'ana, don ku ba ku amfani da ita?

Ɗan Fagge: Ba wanda ya raina ku, Malam Issufu. Amma kamus ɗin da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 ai kowa yana amfani da shi har ku.

Issufu Maraɗi: Muna amfani da shi, muna kuma ganin abin da babu a ciki.

Sadiƙu Edita: Ni maganar aro nake so in koma. Baba, littafi da allo daga Larabci muka samo su, tasha da fensir daga Turanci, kuma ba wanda yake jin su baƙi. A lokeshan kowa failot yake cewa, daga darakta har mai riƙe fitila. Yaron da Anti za ta koyar ranar Asabar, in ya je neman aiki ya ce gatanan, ba wanda zai fahimce shi.

Baba Malam Tsoho: Lokeshan, darakta, failot. Jimla ɗaya, baƙi uku. Da haka za ku koya wa jikokina Hausa? Shi ya sa nake cewa ku 'yan fim ne kuka fi kowa yi wa harshen nan illa.

Sadiƙu Edita: Ranka ya daɗe, mu 'yan fim ne muka sa yaran Kamaru da Gana suke jin Hausar Kano. A ba mu wannan ma.

Malama Zazzau: Jama'a, baiwar Allah nan Alhamis take jira. A bar kashi, a sa shiri: shirin gwaji. Ba sabon abu a ciki, kowa zai gane a karatu ɗaya. Rubutun kuma a ce "rubutun shirin gwaji".

Sadiƙu Edita: Sabuwar tasha in ta hau iska kafin a buɗe ta a hukumance, ita ma shirye-shiryen gwaji ake cewa tana yi.

Malama Zazzau: Haka ne, amma a takardar marubuci ba wanda zai kawo wannan a ransa.

Maman Hibba: Bari in faɗa muku abin da ya faru jiya, don shi ya sa na karkata. Bayan magariba na tara yaran gidanmu su bakwai, na sa safa biyu a hannu a matsayin 'yan tsanar, na karanta musu rubutun. Shafuka uku na farko suna tare da ni. Da na zo inda malamar cikin shirin take bayanin wanke hannu, layi tara a jere ba wanda ya katse ta, sai Hibba ta tashi ta bi kyanwa, biyu suka fara faɗa a kan murfin kwalba. Da Akuya, ɗaya daga cikin 'yan tsanar shirin, ta dawo ta ƙirga wake ta tsallake huɗu, duk suka juyo suna ihu "huɗu! huɗu!" Cikin dare na yanke jawabin malamar ya koma layi biyu, na bar Akuya ta yi kuskuren su gyara mata. Abin da na yi jiya gwaji ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Zan rubuta shirin gwaji a takardar. Ranar Asabar zan gaya wa matasan cewa a wurin aiki za su ji ana cewa failot, don kada su je su rikice.

Baba, gatanan ɗinka kuma ina roƙon izini in sa ta a farkon kowane kashi. Akuya ta leƙo ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta yi shiru daƙiƙa uku, yaran da ke gida su amsa.

Issufu Maraɗi: Wannan na yarda da shi. A nan ne muhallinta.

Baba Malam Tsoho: Izini ba nawa ba ne, na tsofaffin da suka bar mana ne. Shirin gwaji dai bayani ne, ba suna ba ne, kalma biyu a inda ɗaya za ta wadatar. Ki rubuta abin da zai fisshe ki ranar Alhamis. Ni a littafina gatanan na rubuta, kuma ba zan goge ba. Allah Ya ba da sa'a. Daƙiƙa uku ta yi kaɗan, ƙananan ba sa amsawa da wuri, ki ba su biyar.

Maman Hibba: Amin Baba, na gode. Na mayar da ita biyar.