Guguwa ta wuce, babu wuta babu ruwa, ta ina zan fara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Guguwar da ta afka mana ta yaye kwanon rufin ɗakin yara, ta karya sandunan wuta a layinmu, famfo ma ya ɗauke. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni. Babban tashin hankalina mahaifiyata ce, tana da ciwon suga, allurar insulin take yi, ga firij a mace. Maƙwabcinmu ya ara mana ƙaramin janareto, maigida yana so ya ajiye shi a baranda gindin taga don kada a sace. Rijiyar da muke ɗiba kuma ambaliya ta shiga cikinta. Katifu sun jiƙe sharkaf. An ce wata guguwar na tafe. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mai Gyaran Wuta:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Hajiya, kafin komai ki hana maigida ajiye janareton nan a gindin taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na barci take kashe shi. A kai shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa ya juya wa gida baya. In tsoron ɓarawo ne, sarƙa da kwado sun isa. Duk wanda ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya janareto na aiki, a fito da kowa waje nan take, a tafi asibiti.

Kada a jona shi a soket ɗin bango. Wutar kan koma layi ta kama mai gyara a kan sanda, irinmu ke nan. A kashe babban makunnin gidan tunda ruwa ya shiga ta rufi, kuma wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauka tana da wuta ko da unguwa duk duhu ce. Ki ja wa yara kunne sosai.

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki kan insulin. Yawancinsa yana kaiwa kwana 28 ba firij matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba. Ki sa shi a inuwa, wuri mafi sanyi a gidan, ki naɗe da tsumma mai danshi. Kada ki ɗora shi kan ƙanƙara kai tsaye, in ya daskare ya lalace. Ta riƙa auna suga fiye da yadda ta saba, kuma kada ta taka ruwan ambaliya ba takalmi, ƙaramin yanka a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne.

Ruwan rijiyar nan kuwa, ni shi ya fi ba ni tsoro. A tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka. In babu makamashi, ɗigo 2 na bilic (ruwan wankin fararen kaya) mara ƙamshi a lita 1 na ruwa, a jira minti 30. Amma in yana warin fetur ko maganin feshi, tafasawa ba ta raba shi da guba, a nemi wani. In gudawa ta kama yaro, a haɗa masa wannan ya riƙa sha: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Nama da madarar da suka wuce awa 4 a firij marar wuta, a zubar, kar a ji ƙyashi.

Dattijo:
'Yata, ki riƙe abin da suka faɗa miki. Lokacin da guguwar Maria ta daki tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka a 2017, da farko hukuma ta ce mutum 64 suka rasu. A 2018 ta amince da 2,975, domin da yawa a watannin baya suka tafi, saboda rashin wuta da magani da ruwan sha. Sai da aka kusa shekara kafin wuta ta koma ko'ina.

Tunda an ce wata na tafe, ki tanadi ruwa kamar lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3 aƙalla. Takardun gida da na asibitin Mama a ɗaure a leda, a rataye sama. Tocila, rediyo mai batir, kuɗi a hannu, lambobin 'yan'uwa a rubuce a takarda. In kira ya ƙi shiga, saƙon tes yakan wuce. Ki ɗauki hoton ɓarnar kafin a gyara, ko za a zo rabon tallafi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An mayar da janareto fili, nesa da ɗakuna, maigida ya yi ta ƙunƙuni amma ya sayo sarƙa. Baba, ƙaramin yaron ne yanzu, iska na kaɗawa sai ya ƙanƙame ni yana kuka, har fitsarin kwance ya dawo. Katifun kuma sun fara wari.

Ma'aikaciyar Jinya:
Haka yara kan yi bayan firgita, kada a yi masa faɗa ko dariya. Ya kwana kusa da ke, a mayar da lokacin cin abinci da barci yadda ya saba, ki ba shi ɗan aiki kamar riƙe tocila. In abin ya ɗauki makonni bai ragu ba, ku ga likita. Katifa kuwa, wadda ruwan sama ya jiƙa a shanya ta bushe har ciki, don hunhuna kan fara cikin awa 24 zuwa 48. Wadda ruwan ambaliya ya shiga, haƙuri za ki yi ki yar da ita.