Tabon da ke fitowa a katako bayan an kankare fenti

Kafintoci kan ce a fara gano asalin tabon. Idan baƙi ne kusa da ramin ƙusa, ƙarfe ne ya haɗu da damshi da sinadarin tanin na itacen. Maganinsa asid ɗin oksalik, wani farin garin sinadari: a narkar a ruwan ɗumi, a shafe fuskar katakon duka, don in tabon kaɗai aka shafa wurin zai fi sauran haske. A ɗauraye sosai, ya bushe, sannan a goga samfefa.

Idan kuwa funfuna ce ta jawo tabon, bilic (ruwan da ke sa tufa fari) na kashe ta, amma tabon ƙarfe ya fi ƙarfinsa. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma (sai 1978 Amurka ta haramta ta a fentin gida), saboda haka kada a shaƙi ƙurarsa.