An taɓa fstab saba ta ƙi tashi, in gyara ko in goge in sake?

Sabon_Admin: Salam jama'a. Saba (server) ce mai Ubuntu Linux, abokin aikina ya ƙara diski ya sa layi a /etc/fstab (fayil ɗin da ke gaya wa saba diskokin da za ta haɗa in tana tashi), ana yin ribut ta ƙi tashi, SSH (hanyar shiga saba daga nesa) ba ya shiga. Ta konsol na ga ta tsaya a emergency mode, wai root (asusun babban admin) a kulle yake. Akwai database a ciki kuma bakof ɗinmu ya kwana biyu. In gyara ko in goge?

Gwanin_Waya: Shiga ta SSH ka goge layin mana.

Sabon_Admin: Malam ai na ce SSH ɗin ne ba ya shiga.

Hajiya_Linux: Kar ka goge komai. A GRUB (menun da ke fitowa kafin Linux ya tashi) danna e, ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin linux, in ta buɗe ka yi mount -o remount,rw / sai ka sa # a farkon layin da aka ƙara a /etc/fstab don saba ta tsallake shi. Duba UUID (lambar shaidar diskin) da umarnin blkid, yawanci harafi ɗaya ne ya kauce. Gaba ku riƙa sa nofail a layin don kar diski ɗaya ya hana saba tashi, ku gwada mount -a kafin ribut.

Tsohon_Hannu: Hmm, ni sudoers (fayil ɗin da ke faɗin wa ke da izinin sudo, wato yin aiki da ikon root) ce ta taɓa ƙona ni. Wani yaro ya buɗe ta da editan nano maimakon visudo mai duba kuskure kafin a adana, ya ɓata layi ɗaya, sudo ya mutu gaba ɗaya, kamfanin da muke hayar saba a wurinsu suka yi ta min yawo da hankali, ƙarshe oga ya ɗora min laifin, yaron kuma har yau yana nan ana ce masa injiniya.

Gwanin_Waya: Injiniyan nano 😂 Allah ya kyauta.

Hajiya_Linux: Baba da kun tayar da sabar ta rescue mode (yanayin gyara), ai kyauta ne.

Tsohon_Hannu: Kyauta a ina? Mu sai da muka biya kafin su ɗaga yatsa. Ke a laptop kika koya, mu a kan saba mai rai muka sha wuya.

Hajiya_Linux: Shan wuya ba iyawa ba ne Baba.

Sabon_Admin: To GRUB ɗin ma ba na ganinsa, wucewa yake fit.

Dare_Daya: Riƙe Shift ko ka yi ta danna Esc. Amma ni abin da ke ci min rai, mutum ya bar aiki bai rubuta komai ba, ba password ba bayani, ka kira shi ya ce ya manta.

Tsohon_Hannu: Manta? Da gangan ne wallahi, so suke a riƙa nemansu.