Kwale-kwalen babanmu na lalacewa a tudu, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga yankin Auyo:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana kwale-kwalen katako da yake su da fito da shi a kogin Haɗeja. Da ruwa ya janye muka jawo shi tudu, na lulluɓe shi da baƙar leda na danne da duwatsu. Jiya na ɗaga ledar, wallahi sai da raina ya ɓaci. Cikinsa duk fumfuna, ga warin ruɓa, inda ledar ta yage kuma katako ya buɗe har ina zura yatsa. Ga bazara ta kunno kai. Da jirgin nan aka ci da mu, ba na son ya mutu a hannuna. Yaya zan yi?

Wani dattijo mai fito, daga Guri:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, ledar nan ita ta cuce ka. Da danshinsa ka rufe shi, rana ta dafa shi, gumin ya rasa mafita. Yaye ta yau ɗin nan. Ka wanke cikin da omo da buroshi, ya sha iska a inuwa, kada ka shanya shi a rana. In ya bushe ku kifa shi a kan duwatsu ko tsoffin tayoyi, kada ya taɓa ƙasa, don gara ba ta da tausayi. Sai ka kafa masa rumfar zana mai tsayi, gefe da gefe a buɗe. Inuwa yake so da iska, su biyun tare.

Wani kafinta, daga Ringim:
Gaskiyar Baba ce. Ka bi katakon da tsinin wuƙa, duk inda ta nutse babu wuya ya ruɓe, sai an canza. Ka duba ƙusoshi ma saboda tsatsa. Ƙananan tsagu kada su tayar maka da hankali, katako ne ya tsuke don bushewa. Manyan ka cusa musu auduga ko tsumma, ka bi da narkakkiyar kwalta.

Wani matashi:
Mu baƙin mai muke shafa wa namu.

Dattijon:
A'a ɗan nan, ban goyi baya ba. Man zai bi ruwan da muke kamun kifi, dabbobi na sha. Kai kuma mai tambaya, in damina ta faɗi kada ka ɗauki kowa a ranar farko. Ka jiƙa shi a bakin gaɓa kwana biyu ko uku katako ya kumbura, ka kwashe ruwan, ka ga ko yoyo ya tsaya. Rayukan mutane za ka ɗauka.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na yaye ledar, gobe da sassafe ni da ƙanena za mu sari itacen rumfa.