Yadda ake ɗora hoton iyali a kan katako ba tare da an ɓata na asali ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Akwai tsofaffin hotunan iyayenmu, wasu baƙi da fari, da nake son in mayar da su allon ado na katako don rabawa 'yan uwa da sallah. Wane gam ake sakawa, kuma wace irin takarda? Guda ɗaya kuma ya manne da gilashin firam ɗinsa. Masana a taimaka.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, kada gam ko ruwa ya kusanci hoton asali, kuma kada a kai shi laminashan, domin zafin injin yana manne robar da fuskar hoton, ba a sake raba su. Da kwafi ake aiki. A yi sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto a injin sikanin) in za a faɗaɗa ƙaramin hoto ya kai girman A4. In girmansa za a bari, 300 ta isa.

Wajen bugawa ki ce firintar lesa kike so, mai hoda, a kan takardar fotokwafi ta yau da kullum mai nauyin giram 80. Hodar lesa roba ce da zafi ya narkar a saman takarda, shi ya sa gam ke iya kama ta. Tawadar firintar gida mai ruwa kuwa tana jin danshi sai ta malale. Sannan ki sa mai shagon ya juya hoton hagu zuwa dama kafin ya buga, in ba haka ba rubutu zai fito a birkice.

Katakon ya zama mai haske, kamar filawud, don firinta ba ta buga fari: duk inda yake fari a hoton, launin katakon ne zai bayyana. A goge da sanfefa mai lamba 120, a bi da 220, a share ƙurar. A shafa gam da buroshi a fuskar kwafin da aka buga, shafi ɗaya mai kauri daidai, a kifa a kan katakon, a bi da tsohon katin ATM daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita. A bar shi awa 24. Bayan nan a jiƙa bayan takardar da tsumma mai ɗan ruwa, a murza da yatsa a hankali har takardar ta yi ta nannaɗewa tana fita.

Anti Rabi mai sana'a: Bayanin Malam ya yi, sai dai akwai ƙari a kan gam. Mod Podge (wani gam na masu aikin ado) ko jel ɗin akirilik na masu zane ya fi, amma farin gam na kafinta irin Top Bond ma yana yi. Matsalarsa ruwa yana sake tausasa shi, don haka in kika jiƙa da yawa hoton zai biyo takardar ya bar rami. Ki jiƙa wuri kaɗan, ki murza, ki bari ya bushe, ki dawo. In ya bushe za ki ga fari-fari kamar hazo a kai, ragowar takarda ce. Zagaye biyu ko uku ake yi. Da damina ki ba shi kwana biyu kafin ki taɓa, saman yana bushewa alhali cikin da saura.

A ƙarshe banish mai ruwa, shafi biyu, awa biyu tsakani. Shi ne ke ɓoye sauran hazon ya fito da launi. Banish mai mai yana komawa rawaya, fararen kaya a hoton sai su yi kamar sun tsufa.

Wanda ya manne da gilashi kuwa, 'yar uwa, don Allah kada ki ɓamɓare shi, fuskar hoton za ta zauna a jikin gilashin. A cire katakon firam ɗin kawai, a goge gilashin ta waje, a yi sikanin ɗinsa haka nan tare da gilashin.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In ana son ya yi sheƙi kamar gilashi fa?

Baban Sadik: Sai rezin, wani ruwan roba mai kauri da ke ƙanƙarewa garau kamar gilashi, bayan banish ya bushe sarai, don shi ke hana rezin ratsa ragowar takarda ya yi tabo. Kwalba biyu yake zuwa. Da yawa ɗaya da ɗaya ake haɗawa, wasu biyu da ɗaya, a karanta jikin kwalbar a auna daidai; awo ya kuskure, zai zauna yana danƙo ba zai ƙanƙare ba. A juya minti 3 a hankali ana kankare gefen kofin, a zuba a kan allon da ke kwance daram. Kumfar da ta taso a bi ta da wutar leta daga nesa, sama-sama. A sa safar hannu, a buɗe taga, sannan a kifa kwali a kai, musamman da hunturu, ƙura ɗaya ta faɗa ta zauna kenan. Awa 24 ake iya taɓawa, kwana 3 yake gama ƙarfi. Kada a rataye shi inda rana ke dukansa, tana sa rezin ya yi rawaya.