Itace na cin kuɗi, shara na cika gida: daga ina za a fara gyara?

Maman Fadila, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masu sani nake nema. Mu goma sha ɗaya ne a gida har da yara, girki sau biyu a rana a murhun duwatsu uku, wani lokaci a kurfoti da gawayi. Itace kullum ƙara tsada yake, masu kawo shi kuma suna cewa daji ya yi nisa. Shara kuwa, ganyen darbejiya ne da toka da leda, in motar kwasa ba ta shigo lungunmu ba sai a tara a cinna wuta da yamma, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. A rediyo ana ta maganar kare muhalli, amma ba a faɗin abin da mace za ta yi a tsakar gidanta. Me za a iya yi wanda ba sai da kuɗi mai yawa ba? Don Allah a ba ni awo da ƙa'ida yadda zan iya aikatawa.

Malam Buba mai gini, Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da murhu, don nan ne asarar ta fi yawa. A murhun duwatsu uku, ɗan kaɗan ne daga zafin wutar ke shiga tukunya, sauran iska ce ke kwashewa ta gefe. Maganinsa a kewaye duwatsun da tukunyar da katangar laka. Idan aka gina daidai, ana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na itacen da ake ƙonawa, wasu ma fiye.

Kayan haɗi: bokiti 4 na laka mai danƙo (ƙasar tsohon suri ta fi kowace), bokiti 1 na kashin shanu ko na jaki, bokiti 1 na yankakkiyar busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. A tankaɗe tsakuwa, a kwaɓa da ƙafa kamar za a yi tubali, a rufe da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 5 zuwa 7 ya ruɓa. Wanda ya kwaɓa yau ya gina yau, murhunsa zai tsattsage tun kafin sati. Ciyawar ce ke riƙe lakar, kashin shanun kuma ke sa ta laushi.

Ranar gini, ki ɗauko tukunyar da kika fi girki da ita, domin a jikinta ake aunawa. A kafa duwatsu uku a kan shimfiɗar laka, a ɗora tukunyar ta zauna daram. Tsakanin ƙasa da gindin tukunya ya zama santimita 12 zuwa 15, wato bai kai taƙi ɗaya ba. In ya fi haka tsawo, harshen wuta ba zai taɓa gindin ba. In ya gaza, wutar ba ta samun iska, sai hayaƙi. Sannan a ja katanga mai kaurin yatsa huɗu, ta haɗe duwatsun, ta hau har ƙasa da kunnuwan tukunyar kaɗan.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ratar da ke tsakanin katangar da jikin tukunya. Faɗin yatsa ɗaya ake so, zagaye, ko ɗaya da rabi in tukunyar babba ce. Ta wannan ratar ce zafi ke bin jikin tukunyar ya hau sama. In ta yi faɗi, an koma gidan jiya, zafi ya tsere. In ta matse, wuta ta shaƙe, mai girki ta yi ta fifita tana hawaye. Ki jiƙa tukunyar, ki riƙa juya ta a ciki lokacin da lakar ke ɗanye, ki gyara ratar da yatsa.

Washegari, da ta ɗan sha iska, a yanka ƙofar itace guda ɗaya da wuƙa, tsakanin duwatsu biyu, faɗi da tsawo kamar tafin hannu, ta fuskanci inda iska ta saba fitowa. A bar shi ya bushe a inuwa sati guda. Kada a hura wuta don a gaggauta, fashewa zai yi. Ƙananan tsaga kuwa dole ne, a ajiye ragowar kwaɓin a shafe su. Da damina a yi masa rumfa ko a kifa tsohon kwano a kai, ruwan sama guda mai ƙarfi ya isa ya narkar da shi.

Goggo Hadiza, Gaundare

Malam Buba ya yi bayani, amma ya bar abin da ke sa mata da yawa watsar da wannan murhu: tukunya ɗaya yake ɗauka. Gidan mutum goma sha ɗaya sai an gina biyu a jere, na tuwo da na miya, kowane da awon tukunyarsa. Na tuwon kuma a ƙara masa kauri, don tuƙi na girgiza katanga. In ana aron tukunyar biki, wannan sai a koma duwatsu uku na rana ɗaya, ba laifi.

Sannan hannun mai girki ma murhu ne. Itace ya bushe sarai, a faskara shi sirara, a sa guda biyu ko uku kawai, a riƙa turawa a hankali. Ɗanyen itace yana ɓata zafinsa wajen busar da kansa. A rufe tukunya da murfi. A yanka kayan miya a jera komai kafin a kunna wuta. Wake a jiƙa shi tun dare, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. Da an sauke, a zare ragowar itacen a turbuɗa cikin yashi, kada a bar shi ya cinye a banza.

Akwai kuma dabarar kwando. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa tsohon bargo ko auduga ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa huɗu a ƙasa da gefe, ki tanadi matashi na rufewa. Shinkafa ta tafasa minti 5 a wuta, a sauke da murfinta a saka cikin kwandon a danne, bayan awa ɗaya ta nuna. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti 15 zuwa 20, sannan awa 3 zuwa 4 a kwando. Ruwan a rage kaɗan, tunda ba ya ƙonewa. Sharuɗɗa biyu: tukunyar ta kusa cika, don rabin tukunya saurin hucewa take, kuma kada a buɗe a leƙa. In abinci ya daɗe a ciki har ya koma ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci, musamman mai nama.

Malamin gona, Gidar

Hajiya, abin da kike ƙonawa da yamma rabinsa taki ne. Ki ajiye bokiti biyu a bakin madafa: ɗaya na abin da ke ruɓa, ɗaya na leda da gwangwani da kwalba. Da an haɗa su wuri ɗaya, aikin ya lalace.

A haƙa rami a inuwa, mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, zurfin rabin mita, nesa da rijiya. A fara da busasshen ganye ko yankakken kara mai kaurin taƙi ɗaya, a bi da kashin awaki ko na kaji da ɓawon kayan miya kamar yatsa uku, a barbaɗa toka sama-sama, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ya cika, a rufe da ciyawa ko buhu. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 ko 4 a zaro ta: in da zafi da danshi, aiki na tafiya. In sanyi ƙalau, kashin dabbobi ya yi kaɗan ko ruwa bai isa ba. In yana wari, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen ganye. In gara ta shiga, bushewa ya yi. Awon ruwan shi ne ki damƙi kaɗan ki matse, ya dunƙule amma kada ya zuba. A juya duk sati biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi ƙamshin ƙasar sabon ruwa. Toka kada ta yi yawa, tana kore ƙarfin takin. Ƙashi da nama da mai kuma ɓera suke kira.

Leda ita ce matsalar da ba ta da magani a cikin gida, sai dai a rage shigowarta. Tun 2014 Kamaru ta fara aiki da dokar hana leda marar kauri, wadda kaurinta bai wuce mikron 60 ba (mikron dubu ne milimita ɗaya), amma kowa ya shiga kasuwa ya san yadda abin yake. Kwando ko jakar buhu zuwa cefane, kwano mai murfi zuwa wurin mai ƙosai da mai niƙa, kwalba zuwa wurin mai man gyaɗa. Abu biyu dai a daina ko ta halin ƙaƙa: hura gawayi da leda, da zuba abinci mai zafi a cikinta. Wadda ta taru a cusa a buhu a ɗaure har motar shara ta zo. In aka bari iska ta ɗauka, ko ta toshe kwata ruwa ya shiga gidaje a watan Agusta, ko akuya ta haɗiye. Mahauta sun san dunƙulen da suke cirowa daga tumbi. Mataccen batirin tocila kuma kada ya shiga ramin taki ko wuta.

Abban Sadiƙ, Njamena

Ƙari a kan gawayi. A yadda ake ƙona shi a daji, sai an ci kilo 5 zuwa 8 na itace kafin a sami kilo 1, don haka buhu guda ba ƙaramin daji ba ne. Nan Cadi an hana shi tun ƙarshen 2008, mutane suka sha wuya da farko, daga baya gidaje da yawa a birni suka koma ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6. Wanda ke da hali, ko shayi da ɗumame kawai ya mayar kan gas, ya rage. A gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Wuta ta zama shuɗiya. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, kan ya toshe ne.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na ɗauraya kada ya bi kwata. A ja ƴar hanya zuwa gindin zogale ko lemun tsami ko gwanda. Ruwan da aka sa sinadarin farar da kaya ko omo mai yawa, wannan ban da shi, yana ƙona saiwa. Dashe kuwa a jira ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Rami santimita 40 kowane gefe, a haɗa ƙasar sama da takin nan, a yage ledar dashen gaba ɗaya, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi. Itatuwa da yawa da ake dasawa awaki ne ke kashe su, saboda haka a kewaye da ƙaya ko tubali tun ranar. Darbejiya a nisanta ta da katanga da masai kamar mita 5.

Fitila ba ta buƙatar dogon bayani: ƙwai mai wat 60 da ke ci awa 5 kullum yana shan kilowat-awa 9 (awon lantarkin da mita ke ƙirgawa) a wata, na LED mai wat 9 bai kai ɗaya da rabi ba, haske kusan ɗaya.

Maman Fadila, Garwa

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura ɗaya: gidan haya muke, tsakar gidan siminti ne, mai gida ba zai yarda a haƙa rami ba. Yaya ke nan?

Malamin gona, Gidar

Rabin tsohuwar ganga ya wadatar. A huda gindinta da gefenta da ƙusa babba, huji kamar ashirin, a ɗora kan tubali uku don ruwa ya tsiyaye, a jera kayan yadda na faɗa amma a yanka su ƙanana. Ganga ta fi rami saurin bushewa, musamman a zafin Maris da Afrilu, don haka a duba danshin duk kwana biyu. Murhun ma Malam Buba zai tabbatar miki ana gina shi a kan faifan ƙarfe ko murfin ganga da aka shafe da laka mai kaurin yatsa uku, simintin ba zai fashe ba, ranar tashi kuma mutum biyu su ɗauke shi.